Zaɓen Bahon Ruwan Zafi: Inda Zafi Ya Zurare, Nan Kuɗi Ke Bi

Bahon ruwan zafi, wanda da yawa suka fi sani da jakuzi, babban mazubi ne da ake girkewa a farfajiyar gida ko a otal, mai ɗaukar mutum biyu zuwa takwas a zaune, ruwa ya kai musu kafaɗa. Ba wankan sabulu ake yi a cikinsa ba, jiƙa jiki ake yi, ruwa mai ƙarfi yana fitowa ta ƙananan bakuna yana tausa baya da ƙafafu. Babban bambancinsa da bahon banɗaki shi ne ba a zubar da ruwansa bayan an fita. Ruwan yakan zauna wata uku ko huɗu ana tace shi ana sa masa magani, hita kuma tana riƙe shi tsakanin digiri 37 da 40 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana, ko da mai shiga ko babu. Daga wannan ɗabi'a tasa duk wani lissafin saye ya samo asali.

Jiƙa jiki a ruwan zafi tsohuwar al'ada ce a wurin Japanawa da Rumawan da, amma bahon zamani a jihar Kalifoniya ta Amurka ya girma. 'Yan'uwan gidan Jacuzzi, baƙi daga Italiya, sun kafa kamfaninsu a 1915 suna ƙera farfelar jirgin sama, daga baya suka koma injinan ban ruwa. Ɗan Candido Jacuzzi, ɗaya daga cikinsu, ya kamu da ciwon gaɓoɓi tun yana ƙarami, sai uban ya ƙera wani ƙaramin inji da ake sakawa cikin bahon gida ya riƙa juya ruwan, yaron ya sami irin sauƙin da yake samu a asibiti. An fitar da injin kasuwa a 1956, a 1968 kuma Roy Jacuzzi ya fito da baho mai bakunan feshi a jikinsa. A shekarun 1960 ɗin ne kuma mutanen Kalifoniya suka fara mayar da tsofaffin gangunan katako na masu inabi wuraren jiƙa jiki a bayan gida. Haɗuwar waɗannan biyun ita ta haifi bahon da ake sayarwa yau a Amurka, Kanada da Turai, ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, inda kasuwarsa ta fi ci.

Ruwa da yunit

Ruwa na da wuyar ɗumamawa. Ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin makamashi fiye da yadda kusan kowane abu na yau da kullum mai nauyinsa zai ci. Matsakaicin baho na mutum biyar ko shida yakan ɗauki lita 1,500. Ƙara wa wannan ruwa digiri ɗaya kacal na cin yunit 1.7 na lantarki, wato irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Idan an cika shi da ruwan famfo mai digiri 15 ana son ya kai 38, to yunit 40 ke nan, kuma hita mai ƙarfin kilowat 3 za ta yi awa goma sha uku tana aiki kafin ta kai shi. Shi ya sa ba a kashe shi a kunna lokacin da ake bukata: ba wanda zai dawo daga aiki ya jira gari ya waye kafin ruwa ya yi zafi.

To amma wannan ɗumamawar farko sau uku ko huɗu ake yin ta a shekara. Abin da ke cin kuɗi na gaske shi ne mayar da zafin da ke zurarewa a kowace awa ta shekara. Mai baho yakan shiga na rabin awa a rana, sauran awa ashirin da uku da rabi bahon na zaune a waje, iska na kaɗa shi, hita na biyan abin da ya ɓace. Saboda haka wanda ya je kanti ya tsaya ƙirga bakunan feshi da fitilu masu launi da sifiku, ya ƙirga abin da zai mora na rabin awa, ya bar abin da zai biya na tsawon yini.

Zafi na fita ta hanya uku: ta sama, ta bango, ta ƙasa. Ta saman ce ta fi ɓarna, saboda tururi. Duk lita ɗaya ta ruwa da ta tashi ta bi iska tana tafiya da kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya. Wannan shi ne sirrin randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, bushewar kuma na ɗauke zafin na ciki, sai a sha ruwa mai sanyi. Abin da ake so a randa shi ne ake gudu a baho. Buɗaɗɗen baho a daren iska, bakunan feshi na tumbatsa ruwan, yana iya zubar da zafi fiye da yadda hitarsa za ta iya mayarwa.

Murfi

Don haka murfi shi ne makarin zafi na farko, kuma shi ne wanda masu saye suka fi rainawa. Yawancin murafe soso ne mai tauri, irin farin nan mara nauyi da ake tallafe talabijin da firji da shi a cikin kwali, an naɗe shi da leda mai hana tururi shiga, an sa masa riga ta roba mai kama da fata. Yakan ninku biyu a tsakiya, kuma an yi shi da gangare don ruwan sama ya zurare: santimita 10 a tsakiya zuwa 5 a gefe a masu araha, 13 zuwa 8 ko fiye a waɗanda aka yi domin ƙasashen ƙanƙara. Kauri na da amfani, haka ma nauyin soson, domin mai yawan nauyi ya fi jure ƙanƙarar da ke taruwa a kai ba tare da ya lanƙwashe ba.

Wurare biyu ne murfi ke cin amana. Na farko maninkar tsakiya, inda ɓari biyu suka haɗu. Idan ba a sa wani dogon matashi da ya toshe tsagar daga wannan gefe zuwa wancan ba, tururi zai riƙa fita ta nan, kuma a safiyar sanyi ana iya ganinsa da ido. Na biyu ledar ciki. Tururin da ke ɗauke da maganin ruwa yana cin ta a hankali, ranar da ta huje kuwa soso ya fara shan ruwa. Ruwa na wucar da zafi fiye da iska mai tsaye wuri ɗaya sama da sau ashirin, kuma duk aikin soso shi ne riƙe iska a ƙananan ramuka. Murfin da ya sha ruwa ya tashi daga aiki ko da rigarsa na ƙyalli. Alamarsa nauyi: wanda mutum ɗaya ke ɗagawa da hannu guda ya koma sai mutum biyu. Murfi kan yi shekara uku zuwa biyar kafin a canja shi, kuma ya kamata a sa kuɗin canjin cikin lissafi tun ranar saye. Lalle kuma ya zama mai maɗauri da makulli, domin baho cike da ruwa a gidan da ke da ƙananan yara haɗari ne.

Abin da ke bayan bango

Tsakanin kwanon da ake zama a ciki da bangon waje akwai fili mai ɗauke da bututai masu tsawon gaske, da injinan tura ruwa, da hita. Yadda aka yi da wannan fili shi ne abin da kamfanoni ke gardama a kai.

Hanya mafi shahara a manyan kamfanonin Amurka ita ce cika filin gaba ɗaya da soson feshi. Ana fesa shi yana ruwa-ruwa, ya kumbura ya daskare, ya rungume kwano da bututai, ba a bar komai ba sai ɗan ɗakin injina. Wajen riƙe zafi wannan hanya na kan gaba. Tana kuma tallafe bututai, kada su riƙa girgiza duk lokacin da inji ya tashi, girgizar da ke sassauta mahaɗai bayan shekaru, sannan tana rage ƙara. Sai dai soson iri biyu ne, kuma ba kowane mai kanti ke faɗin wanne aka sa ba. Akwai mai rufaffun ramuka, mai nauyin kusan kilo 32 a kowace mita kubik, wanda ba ya shan ruwa kuma yana tare zafi kusan ninki biyu na ɗan'uwansa a kauri ɗaya. Akwai mai buɗaɗɗun ramuka, mai kusan kilo 8, mai araha da laushi, wanda ke tsotse ruwa idan ya same shi. Kamfanoni da dama na haɗa su: siririn shafe na mai tauri a jikin kwano, sauran filin a cika da mai laushi.

Aibin cikakken soso yana bayyana ne ranar da wani bututu ya fara yoyo. Ruwan ba ya ɗiga ƙasa kai tsaye inda za a gan shi, yakan bi cikin soso ya ɓullo nesa da inda ya huje. Mai gyara sai ya cire bango ya yi ta tono, yana bin jiƙaƙƙen wuri har ya kai ga asali, ya gyara, ya fitar da duk soson da ya jiƙe, ya fesa sabo. Aikin rabin awa ya zama na yini, kuma a ƙasashen da ake biyan mai gyara da awa, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Masu wannan hanya na cewa da ma tallafin soson ke sa yoyo ya yi ƙaranci, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Amma bahon da ya haura shekara goma, ko na wane kamfani ne, mahaɗansa sun fara tsufa.

Hanya ta biyu ita ce lulluɓe bango. A nan ana sa makarin a jikin bangon waje da ƙasan akwatin, a bar filin ciki da iska kawai. Kamfanin Arctic Spas na lardin Albata a Kanada ya yi suna da ita. Hujjarta mai kyau ce: injin tura ruwa na fitar da zafi yayin da yake aiki, kuma a bahon cikakken soso wannan zafin waje ake fitar da shi. Idan aka rufe akwatin gaba ɗaya, zafin injin zai zauna a ciki ya ɗumama bututai da kwano. Gyara kuma ya zo da sauƙi, domin da an cire allon bango an ga komai a fili. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar hunturu, ɗumin lita dubu da ɗari biyar na ruwa yana shiga filin ya kare injina da bututai daga daskarewa na wani lokaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, ya fasa duk abin da ke riƙe da shi.

Raunin wannan hanya shi ne duk ƙarfinta ya dogara ga toshewa. Tsaga ɗaya a mahaɗar alluna, ko ƙasa da aka bari a buɗe, ta isa iska mai sanyi ta shiga ta share ɗumin. Nan kuma ne yaudara ta fi yawa. Akwai masu liƙa 'yar siririyar leda mai ƙyalli a bayan bango su kira ta da suna mai daɗi. Ledar mai ƙyalli na mayar da wani kaso na zafin da ke haskowa, matuƙar akwai fili a gabanta kuma ba ta yi ƙura ba, amma ba ta kama ƙafar soso mai kauri. Bahon da aka lulluɓe da santimita da dama na soso mai tauri da wanda aka liƙa wa leda duk suna ɗaya suke amsawa a takardar talla, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu.

Akwai masu bin tsakiya. Wasu na fesa soso a jikin kwano da bututai kawai, su bar sauran filin, wanda ya fi babu amma bai isa ƙasar ƙanƙara ba sai an haɗa da lulluɓin bango. Kamfanin Watkins, mai ƙera Hot Spring da Caldera, yana cusa wa wasu bahonsa wani zare mai kama da auduga da ya sa wa suna FiberCor, wanda ake iya kwashewa da hannu a yi gyara a mayar. Ƙasan baho ma na bukatar dubawa: faranti na roba mai tauri da ya rufe gindin gaba ɗaya na hana danshin ƙasa hawa, yana kuma hana ɓeraye, waɗanda ke matuƙar son ɗumin soso su yi sheƙa su ci waya.

Bahon da ake hurawa da iska, irin na Intex da Lay-Z-Spa, shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, kuma ya yi kasuwa sosai a Ingila a 2020 lokacin kullen korona. Makarinsa kusan iskar da ke cikin bangonsa ce kaɗai, kumfar da yake yi kuma iskar waje ce ake hurawa cikin ruwan, tana sanyaya shi yayin da ake zaune. Ya dace da mai son amfani a watannin zafi ya naɗe ya ajiye. Wanda ya bar shi a kunne duk hunturu zai ga bambanci a takardar kuɗin wuta. Bahon katako mai murhun itace a gefe, wanda aka saba da shi a ƙasashen arewacin Turai, lissafinsa daban ne, domin ana hura masa wuta ne ranar da za a shiga.

Lamba ta fi suna

Tunda kowane kamfani na yabon hanyarsa, mai saye na bukatar alƙali. Hukumar makamashi ta Kalifoniya ta ɗora wa bahon lantarki doka tun 2006, ta ƙara tsaurara ta a 2019. Ana rufe baho da murfinsa a ɗaki mai sanyin kusan digiri 15, ruwan na kan kusan 39, a bar shi awa 72 ana auna wutar da yake ci ba tare da kowa ya shiga ba. A ƙarƙashin dokar 2019, baho mai lita 1,500 bai kamata ya wuce wat 240 da 'yan kai ba, wato kusan yunit 6 a rana. Hukumar na wallafa sakamakon kowane samfuri da aka yi wa rajista, kuma ana manna lambar a jikin bahon. Gwajin bai kwaikwayi daren ƙanƙara mai iska ba, bai kuma ƙirga wutar da ake ci lokacin amfani ba, amma ya ɗora kowa a kan sikeli ɗaya. Baho biyu masu girma ɗaya, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi riƙe zafi, ko me aka kira makarinsa.

Daga nan lissafin daraja ya zama mai sauƙi. A ɗauka, a matsayin misali, baho ɗaya na cin wat 200 a zaune, ɗayan 400. Shekara na da awa 8,760, don haka bambancin wat 200 ya zama yunit 1,752 a shekara. A kan senti 16 kowane yunit, matsakaicin farashin gidaje a Amurka a 2023, dala 280 ke nan a shekara, dala 2,800 a shekara goma. A Birtaniya, inda yunit ya kai fene 34 a ƙarshen 2022 bayan tashin farashin iskar gas, bambancin ya kusa fam 600 a shekara guda. Rangwamen da aka samu ranar saye kan ƙare cikin 'yan shekaru, baho mai kyau kuma yana iya yin shekara goma sha biyar ko fiye. Amma lissafin na da iyaka: ƙarin kuɗin da aka biya don fitilu da kiɗa da bakunan feshi ɗari ba ya dawowa ta ko'ina. Tsada ita kaɗai ba shaidar makari mai kyau ba ce.

Yanayin wuri na sauya amsar. Yawan zafin da ke fita ta bango ya dogara ga tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da na iska. A Albata, inda sanyi ke sauka digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili, tazarar na kaiwa 60. A otal ɗin Abuja ko Kano, inda ake samun irin wannan baho, a yawancin shekara ba ta kai 15 ba, sai a daren hunturu ko a tsaunin Jos. A nan biyan kuɗin makarin ƙasar ƙanƙara asara ce, har ma yana iya zama matsala: a bazara, akwatin da ke riƙe zafin inji na iya tura ruwa sama da inda aka saita shi, dole sai an buɗe masa mashigar iska. Murfi kuwa yana nan da muhimmancinsa, domin busasshiyar iskar hunturu na ɗebe tururi da sauri, ga ƙura, ga rana mai ƙona jikin kwano idan an bar shi a buɗe babu ruwa.

Sauran abin dubawa

Ƙaramin inji mai juya ruwa a hankali dare da rana, wanda bai kai wat 100 ba, ya fi babban inji da ke tashi lokaci-lokaci don tacewa sauƙin wuta da ƙarancin ƙara. Bahon da ake jonawa a soket na gida yana da ƙaramar hita, kuma sau da yawa hitar na tsayawa idan an kunna feshi, ruwa ya riƙa hucewa ana zaune. Manya na bukatar layin wuta nasu daga akwatin mita, da na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta taɓa ruwa, kuma ƙwararren mai aikin lantarki ne kaɗai ya kamata ya haɗa. Wurin girkawa sai daɓen kankare mai kaurin aƙalla santimita 10, shimfiɗaɗɗe daidai, domin ruwa da baho da mutane sun haura tan biyu. A garanti, abin dubawa shi ne shekarun da aka ba kwano, da na bututai, da na injina, kowanne daban, da kuma ko ladan mai gyara na ciki. Kamfanin da ba shi da wakili mai kayan gyara a kusa, garantinsa takarda ce kawai.

Riƙe zafi na zuwa da nauyin tsabta. Ruwa mai ɗumi wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne, musamman Lijiyonela, wadda ke bunƙasa tsakanin digiri 20 da 45, ta shiga huhu ta fesheshen ruwan da ake shaƙa. A 1999, wani baho da aka baje kolinsa a bikin furanni a Bovenkarspel ta ƙasar Holan, ba a sa masa magani ba, ya yi sanadin mutuwar mutum sama da 30, yawancinsu wucewa kawai suka yi ta gefensa. A 2019 an sake ganin irin haka a wani baje koli a jihar Karolina ta Arewa, mutum fiye da 130 suka kamu, huɗu suka rasu. Shi ya sa ake auna kulorin ko buromin a ruwan kafin shiga, a riƙe ma'aunin tsaminsa tsakanin 7.2 da 7.8, a wanke matacin a kai a kai. Zafin ruwan ma kada ya wuce digiri 40, iyakar da hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta shata tun 1979. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, sai sun ji ta bakin likita, ƙananan yara kuma ba a barinsu a ciki ba tare da babba ba, ko a irin zafin da manya ke jurewa.